Zafin iska da yawan masu kamuwa da cuta: me kuka gani a alƙalumanku?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan ina fama da alƙaluman zazzaɓin cizon sauro. Na jera su mako-mako kusa da na zafin iska, na ja miƙaƙƙen layi, sai lissafi ya nuna wai zafi ba ruwansa da cutar. Abin ya tsaya mini a rai. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Malamin ƙididdiga: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni ma a nan na fara tuntuɓe. Dangantakar kamar tudu take, ta hau ta gangaro. Yaɗuwar maleriya ta fi ƙarfi a wajen digiri 25 a ma'aunin Celsius, ta denge (wani zazzaɓin da shi ma sauro ke yaɗawa) a wajen 29. In zafi ya yi yawa, sauron kan mutu kafin ƙwayar cutar ta nuna a cikinsa. Miƙaƙƙen layi sai ya haɗa hawa da gangara, su cinye juna.

Sai kuma jinkiri. Ƙwayar denge kan yi kwana 8 zuwa 12 a jikin sauro, ta ƙara 4 zuwa 10 a jikin mutum kafin zazzaɓi ya taso. Kin ga zafin wannan makon sai nan gaba zai bayyana a rajista. Ranar da na sa jinkirin a lissafi da ƙunshin dlnm (kayan auna tasiri mai jinkiri) na manhajar ƙididdiga ta R, tudun ya fito sarai a allo, na daɗe ina kallonsa.

Ma'aikaciyar rajistar asibiti: Malam, a ƙara da namu ɓangaren. Da hannuna nake cike littafin nan. Ranar farkon mako shafi kan cika har gefe, saboda waɗanda suka jure ciwo a gida a ƙarshen mako duk lokacin suke zuwa. Akwai watan da kayan gwaji suka ƙare mana, adadin ya faɗi warwas, alhali layin marasa lafiya bai ragu ba. Don Allah ku riƙa tambayarmu kafin ku ɗora wa yanayi.

Mai binciken cututtukan gudawa: Nawa kuskuren shi ne ban sa damina a lissafi ba. Da na shigar da ruwan sama da danshin iska, tasirin zafin ya ragu ƙwarai.

Ɗalibar digiri na biyu: Allah ya saka da alheri. Hajiya, na duba, akwai makonni biyar da aka rubuta sifili a tsakiyar lokacin sauro. Gobe zan je wurin masu rajistar in ji abin da ya faru.