Taurari, maki da jerin gwanaye a karatun yara: me kuka gani?

Malamar firamare, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Tun zangon da ya wuce nake liƙa tauraro ga duk ɗan aji biyar da ya kawo aikin gida, ranar Juma'a kuma in rubuta sunayen biyar na farko a allo. Aikin gida ya ƙaru ƙwarai, amma yaran da a da suke tambayata ma'anar abin da muka karanta sun koma tambayar tauraro nawa za a ba su, har wata yarinya ta daina koya wa ƙawarta lissafi don kada ta wuce ta.

Mahaifi, Daura: Wa alaikumus salam, Malama. Ɗana yana koyon Larabci a wata manhaja mai ƙirga kwanakin da mutum ya jera bai yi fashi ba. Ya haura kwana 90, sai muka yi kwana biyu babu wuta, waya ta mutu, lissafinsa ya koma sifili, kuma manhajar ta nemi kuɗi kafin ta maido masa. Daga baya na gano cewa darasi mafi sauƙi yake maimaitawa dab da sha biyun dare, don dai kada jerin ya katse. Ban ga adalci ba a sa yaro fargabar asara sannan a sayar masa da maganinta.

Malamin horar da malamai, Katsina: Malama, abin da kika gani ba sabo ba ne. A 1973, wasu masu bincike, Lepper da Greene da Nisbett, sun gwada yaran wata makarantar reno a Amurka masu son zane. Waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo sun rage yin zane da kansu daga baya. Ni kuwa da na gwada gasar tambayoyi ta waya, waɗanda suka zo ƙurar baya su ne marasa data, ba marasa ƙoƙari ba.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Sauri: Gasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunda musabaƙa ta zaburar da mahaddata da dama. Sai dai na daina kiran sunan na ƙarshe tun ranar da wani yaro ya ƙaurace wa makaranta mako guda. Yanzu rukuni nake ba maki, kuma ba sa samu sai mai raunin cikinsu ya kawo haddarsa.