Wace mota ce ta cancanci shiga ƙungiyar masu tsofaffin motoci?

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawararku kan wata magana da ta tsaye mana a ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci a Kaduna.

Tun farko mun ɗauki ƙa'idar FIVA, ƙungiyar duniya ta masu irin waɗannan motoci: sai mota ta kai shekara 30 a karɓe ta. To ga inda gizo ke saƙa. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, an soma haɗa motocin Peugeot a nan Kaduna a 1975, kuma ba a daina haɗa 504 ba sai wajen 2006. Yanzu wani bawan Allah ya zo da tasa ƙirar 2003, fes da ita, kujeru da sitiyari duk na asali. Dattawanmu sun ce shekarunta ba su kai ba.

Shi kuma wani tsohon mamba Peugeot 404 gare shi, tsohuwa ta gaske, amma ya sauke injinta ya ɗora na Toyota, don ya gaji da yawon neman kabureta a kasuwar Panteka. Matasa suka ce in asali ake bi, tasa ce ta fara faɗuwa.

Ni dai ina ganin a buɗe rukuni na biyu, amma wasu na tsoron ƙungiyar ta koma tashar mota. Maganar ta hana mu tsayar da ranar baje kolin motocin bana.

Don Allah masu irin wannan ƙungiya, me kuke dubawa: shekarar da aka ƙera motar bisa lambar shasi, ko shekarar da samfurin ya fara fitowa? Wanda ya canza inji fa, yana da ƙuri'a a taro?