IT a Sharaɗa ko wurin mai sola a gida? Ku ba ni shawara

Ɗan Roni: Salamu alaikum. Na gama ND1 (shekarar farko ta difloma a foli) a fannin lantarki, za mu fita SIWES, wato IT, koyon aiki a wajen makaranta, na wata huɗu. Wani kamfanin roba a Sharaɗa ya karɓi takardata, amma ba ni da kowa a Kano, ba wurin kwana. Sai kuma wani ubangida a Kazaure mai haɗa sola da gyaran famfon burtsatse, ya ce in zo, kullum zai riƙa fita da ni aiki. Shagonsa ƙarami ne, ban san ko makaranta za ta yarda ba. Ga damina, Baba na bukatar hannu a gona. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Yaro ka tafi Kano, ka sauka gidan 'yan uwanka. Sunan kamfani a takarda ya fi komai.

Ɗan Roni: Baba ai na ce ba ni da kowa a can.

Mai Fulaya: Sunan kamfani? Hmm. Ni a Challawa na yi nawa, ba zan kama suna ba. Inna ta sayar da akuyarta aka kama mana ɗaki a Panshekara, mu huɗu. Ranar farko aka nuna mana wani benci kusa da ɗakin maigadi, aka ce kada wanda ya taɓa komai, wai in wuta ta ja mu ba ruwansu. A bencin nan na ƙare. Aikina sayo wa oga shinkafa da wake, da kai masa waya caji. Rana ɗaya tak na leƙa cikin akwatin lantarkin injin, ranar da motar injin ta ƙone aka ɗauko mai naɗin koyil daga waje, ni na riƙe masa tocila. Wallahi a awa biyun nan na fi ƙaruwa da duk sauran watannin. Logbuk kuwa, littafin rubuta aikin da aka yi, na wani muka kwafa. Sufabaiza ya zo a satin ƙarshe, bai ko fito daga mota ba, a kan sitiyari ya sa hannu. Har yau in Inna ta ga akuya sai ta kalle ni.

Auta: Injiniyan tocila, Allah ya ja zamaninka 😂

Mai Fulaya: Yi dariyarka, naka na nan tafe.

Maman Walida: Ƙanena dubu sittin ya biya ɗaki a wajen, ba wani tsada.

Na Ringim: Hajiya wace shekara? Yanzu ko dubu ɗari da ashirin sai da dillali. Kuma ba mai ba ka hayar wata huɗu, shekara za ka biya. Amma akwai alawus dubu goma sha biyar.

Auta: Dubu goma ne.

Malam Lakcara: Ku duka kun yi daidai. Lissafin da aka saba da shi naira 2,500 ne a wata, ɗan foli mai wata huɗu dubu goma, ɗan jami'a mai wata shida dubu goma sha biyar. Hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, ce ta ƙirƙiro shirin a 1973, saboda masu masana'antu na kukan cewa ɗalibai na fitowa da takarda ba hannu. Ɗan Roni, girman wuri ba shi ne sharaɗi ba. Ka je ofishin SIWES na makarantarku tun kafin ka fara, ka faɗa musu aikin da mutumin yake yi. Ya kasance yana da adireshi, da hatimi, da wanda zai riƙa sa maka hannu duk mako. Kuma bayan ND akwai IT na shekara ɗaya kafin HND (babbar difloma), kana iya ajiye babban kamfani sai lokacin.

Mai Fulaya: Malam da girmanka, amma ku ne masu sa hannu a kan sitiyari. Yaushe rabonka da shiga masana'anta?

Malam Lakcara: Malami ɗaya a ba shi ɗalibai warwatse daga Haɗeja har Zariya, da kuɗin mansa. Ba na kare kowa, amma a duba wannan ma.

Usta Mai Walda: Ni ban yi foli ba, kada a ce na yi shisshigi. Yara uku aka kawo mini bara, ɗaya bai iya riƙe mita ba, ya ɗora ta a kan awon karan (current) ya soka a soket, fiyus ya tashi. Kafin su tafi yana haɗa inbata shi kaɗai.

Baban Ummi: Usta, takardar wurinka ba ta da nauyi ranar neman aiki.

Usta Mai Walda: Alhaji masu takardar ai su ke kawo mini injin ban-ruwansu.

Na Ringim: Laifin daga makaranta yake farawa. Mu a makarantar fasaha da na yi, injin sassaƙa ƙarfe guda biyu ne a wokshop, an lulluɓe su da tamfol, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Ba wuta, ba man janareta. A allo aka zana mana shi muka ci jarrabawa.

Maman Walida: Wutar ce ma ta kashe kamfanonin. Ku zaga Bompai ku ga nawa suka koma sito. Mu nan tiransifomarmu ta ƙone tun kafin azumi, an karɓi kuɗi gida-gida har sau biyu, shiru.

Auta: Ku a sau biyu kuka tsaya? Mu har kwamitin karɓar kuɗin an kafa wa kwamiti.

Ɗan Roni: To maganar gonar fa?

Maman Walida: Af, ɗana, tunda kana tare da mai solar nan, tambayar mini nawa zai ɗaga mana famfon burtsatsen unguwa. Sati uku ke nan yara na zuwa rafi.