Hali a jini yake, ko tarbiyya ce?

Kawu Bala: Assalamu alaikum. Maganar yaron nan da ke neman Fati, ni dai ban yarda ba. Ubansa kowa ya san shi da zafin rai da dukan mata, kakansa ma haka muka ji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Zainab: Wa'alaikumus salam, Kawu. Yaron fa a hannun kakarsa ta wajen uwa ya tashi. Tun yana goye aka raba shi da uban.

Nura: Ai ba sai ya zauna da shi ba, Yaya Zainab. Ku nemi labarin Jim Lewis da Jim Springer, tagwaye a jihar Ohio ta Amurka. An raba su suna jarirai, ba su haɗu ba sai a 1979, suna da shekara 39. Kowannensu ya auri Linda, suka rabu, ya auri Betty. Kowanne ya sa wa karensa suna Toy. Wa ya koya musu?

Dokta Hadiza: Nura, sunan matar aure ba a jini yake ba. Linda suna ne da ya cika gari a Amurka a lokacin, kamar a ce Hassan da Husaini kowanne ya auri A'isha. Da hujja kake so, da ka kawo abin da ya biyo baya. Daga kan waɗannan tagwayen Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota ya fara bibiyar tagwayen da aka raba, ya kuma samu cewa masu kama ɗaya, ko da gida daban suka tashi, halinsu yana kusa sosai. A 2015 aka tattara binciken tagwaye na shekara 50, aka ga kusan kashi 49 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane daga gado yake.

Kawu Bala: Allah Ya yi miki albarka. Likita ma ta yarda da ni.

Dokta Hadiza: Da sauƙi, Kawu. Wannan lissafin na jama'a ne a dunƙule, ba ya gaya maka abin da mutum ɗaya zai zama. Kuma tagwaye masu kama ɗaya ƙwayoyin halittarsu kusan duka iri ɗaya ne, shi kuwa ɗa rabi kawai ya ɗauko daga uba. Ɗaya rabin fa? Ban ji kowa ya tambayi halin uwarsa ba.

Malam Isa: Addini bai musanta cewa ana halittar mutum da wani hali ba. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi yana da halaye biyu da Allah Yake so, haƙuri da natsuwa, kuma a ruwayar Abu Dawuda ya ce Allah ne Ya halicce shi a kansu. Amma Ikrima ɗan Abu Jahil ne, ya mutu sahabi. Ɗan Annabi Nuhu kuma ya ƙi shiga jirgi.

Nura: To Malam, shi zafin ran ba a gadonsa ke nan?

Dokta Hadiza: Ana iya gadon saurin fushi. Ɗaga hannu a kan mace kuwa wani abu ne daban. A Dunedin ta ƙasar New Zealand an bi yara sama da 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973 har suka girma. A 2002 masu bincike Caspi da Moffitt suka nuna cewa mazan da ke ɗauke da wani nau'i na ƙwayar halitta mai suna MAOA sun fi faɗawa cikin tashin hankali idan an gallaza musu suna ƙanana. Waɗanda ke da ita amma ba a gallaza musu ba, ba su bambanta da sauran ba. Wasu binciken daga baya sun samu haka, wasu ba su samu ba, don haka ba zan rantse a kai ba.

Gwaggo Larai: Ku dai kuna ta Amurka. Bala, yaron nan shago gare shi a kasuwa, da yara uku a ƙarƙashinsa. Ka je ka tambaye su yadda yake yi idan suka ɓata lissafi. Ka tambayi ƙannensa mata.

Kawu Bala: Zan je, Yaya. Amma kashi 49 ba ƙaramin abu ba ne, kuma idan ta ɓaci gidana za a kawo ƙara.

Gwaggo Larai: Ka tafi da Malam Isa. Kai kaɗai abin da kake son ji za ka jiyo.