Fankokin kwamfutata sun hana ni ɗaukar murya, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kwamfutar tebur da nake haɗa bidiyon biki da ita, wani lokacin ina ɗora murya a kai. Matsalar ita ce ƙarar fankoki. Daga kunnawa har kashewa huuu ɗaya suke yi, ko aiki nake ko ba na komai, kuma makirfo yana kwashe ƙarar. Akwatin irin mai gilashi a gaba ne, ya zo da fankoki uku masu fitila a gaba da ɗaya a baya, duk masu milimita 120. Duk da wannan ƙarar, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana kaiwa digiri 88 idan ina fitar da bidiyo. Kwamfutar tana cikin durowar teburina. Shin fankokin zan canza ko ƙari zan yi? Kuɗin hannuna ba su da yawa.

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka sayi komai tukuna. Da ka ce ƙarar ba ta hawa ba ta sauka, na fara zargin inda aka jona su. Buɗe murfin gefe ka bi wayar fankokin gaban nan. Idan ta ƙare a wani faffaɗan soket mai manyan ramuka huɗu da ya fito daga akwatin wuta mai raba lantarki a cikin kwamfutar, soket ɗin da ake kira Molex, to shi ke nan. Wannan kai tsaye yake ba su bolt 12, ba mai iya ce musu su rage gudu. Fankar da ake iya sarrafawa ita ce wadda aka jona a jikin madabod, wato babban allon da kayan kwamfutar ke haɗe a kai, inda aka rubuta SYS_FAN ko CHA_FAN, da ƙaramin kai mai fil uku ko huɗu.

Kafin nan ma, gano mai ƙarar. Kashe kwamfutar, cire wayar fanka ɗaya, kunna ka saurara, haka bi da bi. Amma ban da ta kan furosesa, ita kada ka cire ta.

Wani ɗan zaure: Ni dai cire murfin gefe na yi gaba ɗaya, na juya mata fankar ɗaki. Zafi ya sauka sosai.

Mai haɗa kwamfutar wasanni: Malam, zafi zai sauka, amma shi ƙara ce damuwarsa, kuma buɗaɗɗen akwati ƙarar duk waje take fitowa. Ga ƙura. Idan hunturu ya shigo, cikin ɗan lokaci za ka ga tsakanin siraran ƙarafan da ke sanyaya furosesa ya toshe kamar an liƙa auduga. Ban ba shi wannan shawarar ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne durowar nan. Iskar zafin da fankar baya ta fitar ba ta da wajen zuwa, sai ta zagayo na gaba su sake zuƙe ta. Fito da ita fili, ka ɗora ta a kan benci ko katako, ba a kan kafet ba, ka bar kamar taƙi guda tsakaninta da bango. Sannan ka duba gefen gilashin gaban. Yawancin irin waɗannan akwatunan 'yar siririyar kafa ce kawai aka bari, fankoki uku suna ta kokawar jan iska ta wurin. Gwada cire gilashin ka fitar da bidiyo guda. Idan zafin ya sauka da yawa, ka san akwatin ne ke shaƙe su.

Ka kuma tabbatar da inda kowace take hurawa. Ɓangaren da ke da sandunan da ke riƙe da injin fankar, ta nan iska ke fita. Na gaba su shigo da iska, ta baya ta fitar. Uku na shiga ɗaya na fita tsari ne mai kyau a garuruwanmu, domin iskar da ta yi yawa a ciki ita ke turowa waje ta ramuka, ƙura ba ta samun hanyar kutsawa sai ta rariyar gaba, wadda za ka iya cirewa ka wanke.

Mai tambaya: Na duba, Yaya. Wallahi Molex ne, ukun duk a jere a waya ɗaya. Ta baya ce kaɗai ke kan madabod. Da na cire su ƙarar ta ragu fiye da rabi. Kuma fitowa da ita daga durowa ya sauke zafin zuwa 79. Yanzu yaya zan yi da na gaban?

Mai gyaran kwamfuta: Madalla. Idan suna da ƙaramin kai mai fil uku a gefen Molex ɗin, jona shi a madabod ka bar Molex ɗin a cire, kada ka haɗa duka biyun. Idan babu, nemi fankoki biyu masu fil huɗu, waɗanda aka rubuta PWM, irin Arctic P12. Biyu masu kyau sun ishe ka. In akwatin na karɓar milimita 140 ɗauki su, domin babbar fanka tana tura iska daidai da ƙarama ba tare da ta yi gudu sosai ba.

Daga nan ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka riƙa danna Delete ko F2 lokacin kunnawa. A madabod ɗin ASUS sunan wurin saita fankoki Q-Fan, a na Gigabyte kuma Smart Fan. Mai fil uku ka zaɓa mata saitin DC, mai huɗu PWM. Bar gudunsu wajen kashi 40 cikin ɗari har zuwa digiri 55, daga nan su hau a hankali, su cika gudu kusa da 80. Lokacin ɗaukar murya furosesa ba ta wahala, don haka za su yi lamo.

Wata 'yar zaure: Ƙari kaɗan, Malam. In za ka hure ƙura da bulowa, danne fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa da ƙarfi, yana lalata ta. Akwatin wuta kuwa kada ka kwance shi ko da fankarsa ce ke ƙara, yana riƙe wuta bayan an zare soket. Idan kuma an shekara biyu ko uku ba a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfenta ba, goge tsohon ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake kafin watan Afrilu ya zo da zafinsa.