Ƙanena ya tare a gidan kallo, ina neman shawara

Mai tambaya, daga Gwale: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai ƙanena da yake hannuna tun rasuwar mahaifinmu, yana aji biyu na babbar sakandare, kuma harkar ƙwallo ta shiga ransa har abin ya fara ba ni tsoro. Ni ma ba baƙon ƙwallo ba ne, domin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya fara kai ni filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Da wayona a 2009 Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, na kuma ga kofuna uku a jere daga 2012 zuwa 2014, lokacin da Rabi'u Ali yake tashe, gari ya ɗauki "Sai masu gida". Sai dai mu da la'asar muke kallonmu, da magariba kowa ya kama hanyar gida. Shi kuwa Asabar da Lahadi yana wajen Firimiya, Talata da Laraba yana wajen gasar zakarun Turai da ake take ta da ƙarfe takwas ko tara na dare, ba ya shigowa sai sha ɗaya ta gota, Hajiya kuma ba ta runtsawa sai ta ji motsin ƙyaure. Ina so in haɗa dikoda a gida domin ya riƙa kallo a gabana. Me kuka gani?

Wani malamin makaranta, daga Fagge: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka kuskura ka sayi dikodar nan, domin abin da kake gudu a waje shi za ka shigo da shi tsakar gida da kuɗinka. Ka ba mu tarihin Pillars, amma ba ka faɗa mana wanda yake ba yaron kuɗin shiga ba, kuma nan ne maganar take. A 2024 Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, amma cacar tana nan a cikin waya. Ina da ɗalibin da ba ya iya kawo hadda, amma ya san 'yan wasan Real Madrid har na benci. Ka karɓe wayarsa yau, ka hana shi fita bayan isha'i.

Wani mai gidan kallo, daga Kurna: Malam, a yi mana adalci. Ni da kaina nake rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo, ni nake tsayawa a bakin ƙofa, kuma ba na barin mai shaye-shaye ya zauna mini a benci. Kuɗin fetur na janareto da kuɗin tasha sun cinye ribar, ga masu kallo a waya sun rage mana jama'a, amma duk yaron da ya lalace sai a ce mu ne. Yaya, ko ka saka dikoda zai fita, domin ihu da musun 'yan Arsenal da 'yan Chelsea yake bi.

Wata uwargida, daga Hotoro: Ku da kuke fama da yaro ma da sauƙi. Maigidana ranar da aka ci Manchester United ko tuwo ba ya taɓawa, yara kuma sun san su shige ɗaki. A bi yaron a hankali tun yanzu, kada wata ta gaji irin nawa.

Wani magoyin bayan Pillars, daga Ƙoƙi: Ni a ganina ka riƙe hannunsa ku je Ƙofar Mata ranar wasa. Ahmed Musa, wanda ya buga wa Leicester ya kuma ci ƙwallaye a gasar cin kofin duniya ta 2014 da ta 2018, ya dawo Pillars a 2024. Yaro ya ga irinsa ido da ido, ya san cewa na gida ma abin so ne.

Mai tambaya: Na gode muku. Malam, ƙanena ba ya caca, ni na rene shi, na san halinsa. Kuɗin shiga daga abin da yake samu ne a shagona. Maraya ne, ba zan iya takura masa kamar fursuna ba, kuma na riga na yi magana da mai haɗa dikodar.

Malamin makaranta: To ashe ka gama yanke hukunci kafin ka zo. Duk uban da aka kira mana a makaranta haka yake cewa ya san halin ɗansa. Ka duba wayar tukuna, sannan ka gaya mana yadda sakamakon jarrabawarsa ta zangon da ya wuce ya kasance.

Mai tambaya: Maganar jarrabawa daban ce, Malam. Abin da nake so in sani shi ne ko akwai wanda ya taɓa haɗa dikoda da sola, kuma batir nawa ne zai riƙe talabijin har a tashi wasan dare.