Ƙodar yayana da yawan mantuwa, ko maganin ne?

Assalamu alaikum. Shekara 6 ke nan yayana yana shan maganin kanjamau, haɗin nan mai tenofovir, ƙwayar cutar ma ta daina fitowa a gwaji. Tun azumi fitsarinsa ke kumfa, ƙafafunsa na kumbura da yamma. Ga mantuwa. Jiya a shagonsa na unguwar Aboabo da ke Kumasi ya ba mutum canji sau biyu, lambar MoMo ɗinsa (asusun kuɗi na waya) ma ta ɓace masa.

Ya daina shan diclofenac (maganin rage ciwo) da jiƙo, mun rage gishiri. Ba shi da suga ko hawan jini. A wani asibiti nan Kumasi aka ce kiriyatinin (abin da ake aunawa a jini don duba aikin ƙoda) ya ɗan hau, mu dawo bayan wata 3. Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Don Allah, wane gwaji zan nema a yi masa don a gane ko tenofovir ɗin ne ke taɓa ƙodar?